Bazazzagin Karmo, Ka Bar Jaki Kana Dukan Taiki

Bawana Bazazzagi,

Gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Da fatan ƙurar Karmo ba ta gama toshe maka hanci ba, kuma har yanzu ana samun tsakin fate a unguwarku, don na san in ka kwana biyu ba ka sha ba sai ka soma ganin mutane bibbiyu. Ka gaida uwargida, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri. Zama da mutumin da yake ganin kowa a duniya ɗalibinsa ne, har mai kawo masa ruwa a kura, ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin ka ɗauko tsohuwar tutiyarka, wai Abuja garin kakanninku ne, bari in rufe wannan ƙofar tun da wuri. Na yarda Abu Ja ne ya kafa Abuja ta asali, garin da yau ake kira Suleja a jihar Neja, a 1828, bayan gidan sarautarsu ya baro Zariya a zamanin jihadi. Suna kuka ba da aro, an kuma gode. Amma wanda ya sa hannu a dokar da ta kafa babban birnin tarayya a watan Fabrairun 1976 shi ne Janar Murtala Muhammad, haifaffen birnin Kano. Ƙasar da kake takawa kuwa, Gbagyi da sauran 'yan ƙasa aka tarar a kanta. Ka ga ke nan kai ɗan haya ne ta kowace fuska. Zauna ka saurari mai gida.

Labari ya iso mini, daga bakin da ba ya ƙara gishiri, cewa ka rubuta wa oganku na kamfanin rarraba kayan masarufin nan doguwar takarda da Turancinka mai karya haƙori, kana neman a sayo sabuwar babbar kwamfuta, wadda kuke ce wa saba. Hujjarka ita ce wadda ake da ita ta tsufa, ta gaji. Aikin daren da take yi, wato haɗa lissafin cinikin yini da kwafe bayanai zuwa faifan ajiya, ba ya ƙarewa sai gari ya waye, yaran sito su zo da safe su tarar ba a iya fitar da rasit, direbobi sun jera motoci suna huci. An ce har ka je Banex a Wuse ka tambayo farashi, ka dawo kana taku ɗai-ɗai.

Da ogan ya tambaye ka yadda aka yi ka san ta gaji, wai sai ka ɗora tafin hannu a jikinta, ka karkata kai kana sauraron fanka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ka ji yadda take nishi." Haba Malam! Duk shekarun da ka kwashe a jami'a a Samaru kana cin kuɗin tsoho, abin da ka samo ke nan? Wannan ai duba ne, ba bincike ba. Saura kawai ka shimfiɗa yashi ka zana. Bakano ba ya buɗe lalita sai ya ga rubutu, kuma abin haushin shi ne rubutun yana nan, a cikin injin da kake zargi, shi da kansa yake yin sa kullum. Kai ne ba ka taɓa buɗewa ba.

Duk wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, Linux ne, ko Windows, ko na manyan injinan IBM da bankunan duniya ke aiki da su, yana da rajistar da yake cikawa dare da rana, wadda ku 'yan boko kuke kira log. Aka kunna inji, a rubuta. Aka soka faifai, a rubuta. Wani shiri ya faɗi, a rubuta, da lokacin faɗuwarsa har daƙiƙa. Rajistar ba ta tsoron oga, ba ta kuma jin kunyar mai digiri. A ɓangaren Unix da Linux, tsarin da aka fi sani shi ne syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙiro a shekarun 1980 yana aikin manhajar aika wasiƙu ta Sendmail. Duniya ta yi ta amfani da shi haka nan, sai a 2001 aka bayyana yadda yake a takardar RFC 3164, sannan a 2009 aka fitar da RFC 5424 da ta gyara masa zama. Kowane saƙo a cikinsa yana da daraja daga 0 zuwa 7. Sifili na nufin inji ya kai gargara, 3 kuskure ne, 4 gargaɗi, 6 labari ne kawai, 7 kuwa surutun da masu gyaran manhaja kaɗai ke jin daɗinsa. In da maganarka za a auna da wannan ma'auni, rabin abin da kake faɗa a wurin mai shayi 7 ne.

Je ka buɗe fayil ɗin /var/log/syslog, ko /var/log/messages in injin naku dangin Red Hat ne, ka dubi layi ɗaya tak. Daga hagu za ka ga wata da rana, sai awa da minti da daƙiƙa, sai sunan injin, sai sunan shirin da ya yi magana da lambarsa a maƙale, sai maganar kanta. In sabon tsari ne mai systemd, umarnin journalctl zai zazzago maka duka. In Windows ne, Event Viewer yana nan tun ranar da aka sayo injin, yana jiran ranar da Allah zai karkato da hankalinka. Tambayoyi uku kacal za ka yi wa rajistar nan, kuma zan jero maka su a hankali, tunda na san Bazazzagi ba ya fahimtar abu sai an yi masa shi kamar lacca.

Ta farko: yaushe aikin ya tashi, yaushe ya sauka?

A nan akwai ramin da irinku kan faɗa. Shirin da ke tada ayyuka a kan lokaci a Linux, wato cron, al'adarsa ita ce ya rubuta tashin aiki kawai. Zai ce ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya tada kaza, shi ke nan ya juya baya. Ko aikin ya yi minti biyu, ko ya kai asuba, ba ruwansa. Don haka wajibi ne ka sa aikin ya riƙa kai rahoton kansa: layi ɗaya na umarnin logger a farkon rubutun aikin yana cewa na fara, layi ɗaya a ƙarshe yana cewa na gama. Ko ka mai da aikin ƙarƙashin agogon systemd, wanda shi yakan rubuta farawa da gamawa da faɗuwa ba sai an roƙe shi ba. A Windows kuwa, Task Scheduler yana da shafin tarihi, amma yakan zo a kashe, sai an kunna shi da hannu. In ka kunna, lamba 100 tana nufin aiki ya tashi, 102 ya kammala, 201 kuma tana ɗauke da sakamakon da shirin ya dawo da shi. Ina da yaƙinin naka a kashe yake tun ranar da aka ɗauke ka aiki.

Masu manyan injinan IBM, zuriyar System/360 da aka fito da ita a 1964, sun daɗe da wuce wannan wurin. A tsarinsu na z/OS kowane saƙo yana da lambarsa: IEF403I aiki ya fara, IEF404I ya ƙare, IEF375I da IEF033I kuma suna ba da tashi da saukar aikin tare da lokacin da ƙwaƙwalwar inji ta ci a kansa. Dalili shi ne a zamanin da lokacin kwamfuta kuɗi ne tsagwaronsa, ana cajin kowane sashe gwargwadon abin da ya ci, kuma inda kuɗi ya shiga rubutu ba ya wasa. Da ganin wannan tsari ka san akwai jinin Kanawa a jikin wanda ya shirya shi.

To ka samu tashi, ka samu sauka, ka ɗebe wannan daga wancan. Abin da ya fito shi ne tsawon lokacin da aikin ya ɗauka a agogon bango. Kada ka yi saurin komawa ofishin oga da shi, domin wannan adadin shi kaɗai ba ya kama ɓarawo.

Tambaya ta biyu ita ce uwar tambayoyi: a cikin wannan lokacin, nawa inji ya yi yana aiki, nawa ya yi yana jira?

Ka tuna ranar Talata, ranar kasuwar Karmo. Ka hau keke daga wajen Gwagwa za ka Life Camp. Masu gwanjo sun farke dila sun baje har bakin kwalta, mata sun sunkuya suna zaɓe, masu baro suna kutsawa ta tsakanin motoci, wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a tsakiyar titi tana sauke doya, mai keken gabanku ya kashe inji ya fito yana cinikin wando. Ka yi awa guda cur kafin ka ga Dape. Amma in aka tara mintocin da tayar keken ta yi tana juyawa, da ƙyar su kai rubu'in awa. Sauran duk tsayuwa ce. Yanzu in mai keken ya juyo ya ce maganin wannan gosulo shi ne ya sayo sabon keke mai ƙarfin inji, me za ka kira shi? Ni dai Bazazzagi zan kira shi.

Haka lamarin kwamfuta yake. Akwai lokacin agogo, akwai lokacin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin. In ka sa kalmar time a gaban kowane umarni a Linux, idan ya gama zai ba ka adadi uku: real shi ne na agogon bango, user shi ne abin da furosesa ta ci a kan shirin kansa, sys kuma abin da ta ci tana yi masa hidima a cikin tsarin. Ka tura su cikin rajista kowane dare. Shi ma systemd, in aikin da ke ƙarƙashinsa ya sauka, yakan rubuta layin da ke faɗin lokacin furosesar da aka cinye. Mu ƙaddara aikinka ya ɗauki awa 5 a agogo, amma user da sys in an haɗa minti 12 ne. Ma'anar ita ce injin da ka ce yana nishi ya yi awa 4 da minti 48 yana zaune hannu bibbiyu, yana jiran wani abu. Ka sayo wanda ya ninka shi ƙarfi sau biyu, ka rage minti 6, ka ci gaba da jiran awa 4 da minti 48, amma yanzu da bashi a wuyan kamfani.

Me yake jira? Rajistar za ta faɗa maka, in ka tambaye ta da ladabi. Duba saƙonnin da aka rubuta lokacin da ka soka faifan ajiyar nan na waje. In ka ga an kira shi high-speed, kada ka yi murna, wannan tsohuwar hanyar USB 2.0 ce, iyakarta megabit 480 a daƙiƙa, a takarda ma ke nan. In an ce SuperSpeed, to USB 3.0 ce mai gigabit 5. Sau da yawa bambancin bai wuce ramin da ka soka wayar ba. Zagaya bayan injin da tocilan, ka share yanar gizo-gizon da ta lulluɓe shi, ka nemi ramin da cikinsa shuɗi ne. Ka duba kuma saƙon da katin netwok ya rubuta lokacin da ya haɗu. In ya ce 100 maimakon 1000, wataƙila saboda wayar da ɓera ya ɗanɗana ko tsohon akwatin rarraba layi, to abin da zai wuce bai fi megabayit 12 a daƙiƙa ba. Yi lissafin da kanka, ai kun iya wannan: gigabayit 40 a wannan gudun kusan awa guda ce. Sannan ka nemi saƙonnin kuskuren karanta faifai. Faifan da ya fara lalacewa yakan yi ta maimaita karatun wuri ɗaya, kowane maimaici kuma jira ne. Yayin da aikin ke gudana, buɗe top ka dubi adadin da aka yi wa alama da wa, shi ne kason lokacin da furosesa ke zaune tana jiran faifai.

Ba zan zalunce ka ba, ko da yake ka cancanta. In ka duba ka tarar lokacin furosesa ya yi kankankan da na agogo, ko ma ya zarce shi, abin da kan faru idan ƙwaƙwalwa da yawa sun haɗu a kan aiki ɗaya, to a nan maganarka ta fara samun ƙafa. Amma ko a nan sai an tambayi wanda ya rubuta shirin ko yana sa injin ya sake lissafa cinikin shekara uku kowane dare, alhali na yini ɗaya ake nema.

Tambaya ta uku: ya gama, ko dai ya tsaya?

Duk shirin da ya sauka yakan bar lamba. Sifili na nufin lafiya lau. Duk wata lamba da ba sifili ba, akwai magana. Irinku kan ga aiki ya ɗauki minti 3 maimakon awa guda su hau murna wai inji ya warke, alhali faɗuwa ya yi tun a bakin ƙofa, ba a kwafe ko layi ɗaya ba. In ka ga 137, kashe shi aka yi da ƙarfin tsiya. Koma rajista a daidai wannan daƙiƙar, sau da yawa za ka tarar da saƙon Out of memory, wato ma'adanar wucin gadi ta cika maƙil, tsarin ya zaɓi shirin da ya fi ci ya yanka shi don sauran su rayu. Maganin wannan sandar ram ce guda ɗaya da za ta shiga aljihun rigarka, ba sabon inji ba.

Sai kuma babban baƙon da kowa a Karmo ya san sallamarsa, ɗaukewar wuta. Injin da wuta ta yanke masa ba ya samun damar yin wasiyya. Abin da za ka gani a Linux shi ne giɓi: layi na ƙarshe ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, shiru, sai saƙonnin tashi daga baya. Umarnin last -x zai nuna maka tashin da babu kashewa a gabansa. A Windows lamba 41 da lamba 6008 su ne shaidar cewa inji ya mutu ba shiri. Ƙirga su a wata guda. In sun yi yawa, je ka duba batirin yufiyes ɗin nan da ke ƙarƙashin teburinka yana kuka tun bara, wanda ka manna wa salatif a baki don kada ya dame ka. Aikinsa shi ne ya riƙe inji na 'yan mintocin da maigadi zai farka, ya nemo takalminsa, ya tada janareta. In batirin ya mutu, aikin dare zai yanke a tsakiya, wani yaro ya zo da safe ya sake tada shi daga farko, kai kuma ka iso ƙarfe tara ka tarar yana gudana, ka ce tun jiya yake fama.

Kafin ka amince da kowane adadi, tabbatar agogon injin yana da hankali. A jikin allon kwamfuta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci idan babu wuta. In ya mutu, duk tashin da inji zai yi sai ya farka a wata shekarar daban, har sai ya samu intanet ya daidaita kansa ta hanyar NTP. Sabobi da yawa kuma suna rubutu da agogon duniya na UTC, mu kuwa a Najeriya muna gaba da shi da awa guda. In wani saƙo da agogon gida aka rubuta shi, wani da na duniya, za ka ƙara wa aiki awa ɗaya ko ka sace masa ita ba ka sani ba. Ka lura kuma tsohon salon syslog ba ya rubuta shekara, kuma aikin da ya tashi kafin sha biyun dare ya sauka bayanta, in ka yi ɗebewar makaho, zai nuna maka ya gama kafin ya fara. Na san a Zazzau kuna da masu irin wannan karama, amma kwamfuta ba ta cikinsu.

Dare ɗaya ba ya zama hujja. Tara na wata guda aƙalla. Kayan aikin ma sun girme ka: grep, wanda Ken Thompson ya rubuta a 1973, zai tsamo maka layukan aikinka daga cikin dubbai, awk kuma, wanda Aho da Weinberger da Kernighan suka yi a 1977, zai yanka su ginshiƙi-ginshiƙi. Zuba su a Excel: rana, tashi, sauka, lokacin agogo, lokacin furosesa, lambar sakamako, da girman bayanan da aka kwafe. Amma ka yi hattara da matsakaicin lissafi, wanda na san shi ne abin ƙaunarku. A ce cikin dare 10, tara aikin ya ɗauki minti 20, ɗaya ya ɗauki minti 300. Ka haɗa ka raba, ka samu 48. Babu daren da ya ɗauki minti 48. Adadin bai bayyana dare taran lafiya ba, bai kuma bayyana daren masifar ba. Jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya, shi ne halin injin na yau da kullum. Sannan ka ware mafi munin, ka tambayi ranar da ya faɗo. Talata ce, da cinikinku ke ninkawa? Ƙarshen wata ne, da ake haɗa albashi? Ko daren da manhajar kashe ƙwayoyin cuta take bin faifai lungu-lungu a daidai lokacin da aikinka ke son faifan? In na ƙarshen ne, matsar da ɗaya daga cikinsu da awa biyu, magani ya samu ba a kashe ko sisi ba.

Duk wannan in ka bar rajistar da rai ke nan. Shirin logrotate yakan naɗe tsofaffin fayiloli, a injina da yawa na mako huɗu kawai yake bari, sauran ya zubar. Sai ka ƙara masa wa'adi, ko ka riƙa kwashe adadinka zuwa wani wuri. An kuma tsegunta mini cewa duk ranar da faifai ya cika, abin da kake fara gogewa shi ne babban fayil ɗin nan da ka ce "shirme ne kawai a ciki." Ka kori shaidu, sannan ka shiga kotu kana rantsuwa.

Don kada ka ce Bakano ya sayar maka da kaya bai faɗi aibinsa ba, ga shi. Saƙonnin rajista don idon mutum aka rubuta su, kuma masu manhaja kan sauya lafazinsu daga fitowa zuwa fitowa, sai ɗan shirin da ka rubuta yana tsamo adadi ya wayi gari bai gane komai ba. Shi ya sa masu manyan injinan IBM idan lissafi ya yi tsanani sukan koma ga bayanan SMF, musamman nau'i na 30, waɗanda don awo aka tsara su. A Linux akwai sar, mai ɗaukar awon furosesa da faifai da netwok lokaci-lokaci yana adanawa, a Windows kuma akwai Performance Monitor. Fara da rajista tunda tana hannunka, ka kunna waɗannan don gobe. Sannan kada in ji ka ɗauki hoton rajistar ka watsa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai kana neman taimako. Akwai sunayen ma'aikata a ciki, wani lokaci har da bayanan abokan ciniki, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Ba ni da lokacin zuwa beli.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, kuma Jami'ar Bayero da muke taƙama da ita a ƙarƙashinta ta yi zama, tana kwaleji. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Ɗa ne ya girma ya buɗe shagonsa. Za ka kuma kawo mini cibiyar kwamfutar jami'arku mai sunan Farfesa Iya Abubakar. Ita ma na san ta, na kuma san masanin lissafin da aka sa mata sunansa mutumin Adamawa ne. Ginin ne naku. Ku dai Allah ya ba ku baiwar karɓar baƙi masu ilimi, ku ba su masauki, ku yi musu fate, su koyar da 'ya'yan wasu, ku kuma ku fito da Turanci.

Ga sharaɗina. Ka janye takardar nan daga teburin oga kafin ya karanta ta sau biyu. Ka tara adadin wata guda, ka buga a takarda ɗaya, ba shafi goma da gabatarwa da godiya ga malamanka ba. In ya nuna cewa a yawancin darare furosesa ce ke aiki fiye da rabin lokacin agogo, ni da kaina zan raka ka sayayya, in yi maka cinikin da zai sa mai shago ya riƙa salati, don in an bar ka kai kaɗai farashin farko za ka biya har ka ƙara da godiya. In kuwa ya nuna jira ne, na waya ko na faifai ko na batiri, to idan watan Cika-ciki ya kama, kuɗin shara a wuyanka yake, ninki biyu, da balangu mai zafi daga Dei-Dei, a kawo mini har gida. Kada ka aiko yaro. Kai nake so ka ɗauko da kanka, ka cire takalmi a zaure, ka ce, "Allah ya ja zamanin Kanawa."

Ubangidanka har kullum,
Bakano